Awon Rigar Shirwa

Litinin, 27 ga Oktoba, 1:10 na rana

Na sayi wannan littafin a kasuwar Deptford saboda kundin ofis na kamfani ne, kowa yana iya buɗewa. A nan zan rubuta abin da na tabbatar kawai.

Yau sati takwas da na fara aiki. Gwajin wata uku nake yi, zai ƙare Juma'a 28 ga Nuwamba. Aikina shi ne kundin Shirwa, jarumin nan mai tashi sama da kamfaninmu ya yi wa fim uku a 2009 da 2012 da 2015. Na kalli kowanne sau tara, na rubuta duk abin da ke ciki don kada sababbin marubuta su saɓa. Tabonsa a hannun hagu yake. Ba ya iya tashi in ana ruwa. Shafi 412.

Da safe Nathaniel, sabon darakta, ya tara mu gaban bango ya ce mu manta da duk wannan. Reboot za a yi, a share komai a faro daga tushe, fim shida cikin shekara goma. Kowane fim da katinsa a bango da ranar fitowarsa. Ko ɗaya ba a rubuta labarinsa ba tukuna. Na tambaye shi me zan yi da kundin ke nan. Ya yi dariya ya ce zan riƙa gaya musu abin da suka karya. Eunice, furodusa, wadda ta ɗauke ni aiki, ba ta ɗago kai daga wayarta ba.

A ƙasan katin farko akwai jerin mutanen cikin labarin. Goma sha ɗaya. Na karanta sau uku.

Talata, 28 ga Oktoba, 8:50 na safe

Na duba sauran katuna biyar ɗin. Babu Tela Garba a ko ɗaya.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 6:30 na yamma

Na dawo daga Dagenham. Canjin jirgi biyu, minti hamsin da biyar.

Baba Mailafiya abokin mahaifina ne tun suna makaranta a Zariya. Tela ne na gaske, shekara talatin da huɗu a London. Shi ya ɗinka rigar Shirwa ta farko, baƙa, da aska takwas a ƙirji waɗanda ya shimfiɗa kamar fukafukai. Da daraktan wancan lokacin ya ga yadda yake riƙe allura, sai ya sa shi a fim ɗin. Tela Garba ke nan, tsohon da Shirwa ke kai wa riga a yage bayan kowane faɗa, yana gyarawa yana mita. Minti goma sha tara jimilla a fim uku. Baba ne ya kai takarduna wurin Eunice da na gama jami'a a Bloomsbury. Duk Asabar nake zuwa gaishe shi.

Dole in rubuta abin da na yi ranar 4 ga Oktoba. Ya tambaye ni ko sabon yaron da zai fito a Shirwa ya kai tsohon jarumin faɗin kafaɗa. Ni kuwa ina da awon a wayata, saboda kundi. Na karanto masa: kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu, wuya. Na ga yana rubutawa a bayan ambulan da manyan baƙaƙe. Na ɗauka sha'awa ce. Ni na ji daɗi ma da na san amsar daidai.

Yau na tarar da yadi a shimfiɗe a teburinsa, an yanka, an zana, aska biyu sun kusa kammala. Ya ce a bikin kamfani na bara Eunice ta riƙe hannunsa ta ce masa shi ɗan gida ne, ba a yin Shirwa sai da shi. Sai ga ni na kawo awo daga ofis. Shi tun yana yaro a gindin ubangidansa, in aka aiko wa tela awo, an ba shi aiki ke nan, ba a jiran takarda.

Ba ya ganin kafar allura yanzu. Yanar ido ce ta rufe masa na dama, na hagun ma yana hazo. Ya miƙo mini allura ashirin ya ce in zura masa zare, su ishe shi mako. Na zura.

Ya ce yaya ofis. Na ce ana ta shiri. Gaskiya ne, ana ta shiri. Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 12:40 na rana

Na samu Eunice a wurin haɗa shayi, na gaya mata Baba ya fara ɗinki. Ta rufe ido kamar na daƙiƙa biyar. Ta ce ita za ta kira shi da kanta, hakkinta ne, amma kada kowa ya ji komai kafin sanarwar 6 ga Disamba a taron masoya finafinai. Ta tuna mini sashe na bakwai na takardar riƙe sirri da na sa wa hannu. Na ce na san shi. Na haddace shi ma.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 5:15 na yamma

Rahim, wanda ke rubuta fim na farko, bai zo ba. An kwashe teburinsa, har kofinsa. Babu wanda ya ce komai. Katuna sun koma huɗu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 1:00 na rana

Bakwai yanzu. An ƙara uku na wasu jarumai da ba a ma raɗa musu suna ba. Nathaniel ya ce manyan kamfani da ke magana da Eunice ta waya suna son ganin duniya guda, ba fim ɗaya ba. Na rubuta a kundi cewa an sa wa fim na biyar ranar fitowa a 2033, alhali muguwar da ke cikinsa ta mutu a na uku. Ya ce za a gyara.

Abin da ke damuna, wanda ban faɗa ba: ina ganin mutane sun so Shirwa ne saboda yana dawowa gida da riga a yage, wani ya yi masa faɗa. Ban da hujjar da zan sa a kundi. Ra'ayi ne kawai.

Na gaji.

Asabar, 8 ga Nuwamba, 7:05 na yamma

Inna Amamata, matar Baba, ta ja ni kicin kafin in shiga wurinsa. 'Yar zangon Kumasi ce, kowa "kai" ne a bakinta. Ta ciro wasiƙa daga ƙarƙashin gwangwanin gari ta ce, "Karanta, kai ne mai boko. Babanka ya ƙi jin magana."

Daga asibiti ce. An ba shi ranar aikin ido, Talata 2 ga Disamba. Sai ya buga waya ya tabbatar kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a 21 ga Nuwamba. Ya riga ya soke ranar sau ɗaya a watan Yuni. In ya sake, za a cire shi daga layi, ya koma wurin likitan unguwa a faro daga farko. Inna ta ce likitar idon ta gaya musu yanar ta yi kauri har tana matse idon daga ciki, in aka ƙara ja, ba ta yi alkawarin ganin zai dawo ba.

Shi kuma ya ce bayan aiki za a hana shi ɗinki na makonni, ga rigar tana buƙatar sati goma, ga shi ya ji ana cewa Janairu za a fara ɗauka. Ido zai jira, in ji shi. Ya ce bai taɓa sa wani jiran riga ba, ba zai fara da Shirwa ba.

Ya yi ta tsokanata yau. Malama Daidai yake ce mini tun ina ƙarama, wai ko gaisuwa sai na duba agogo. Ya tambaya ko an ƙara wa Tela Garba magana a sabon fim, don a na uku jimla shida kawai aka ba shi. Na ce bakwai ne. Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya manta da tambayar.

Allura ashirin. Ban yi ƙarya ba. Bakwai ne.

Litinin, 10 ga Nuwamba, 9:30 na safe

Na gaya wa Eunice zancen asibiti, da ranar, da ƙarfe biyar. Ta rubuta a bayan hannunta da biro. Ta ce wannan makon, tabbas.

Talata, 11 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

An nuna mana gwajin sabuwar rigar. Babu riga. Yaron yana sanye da wani matsattsen kaya mai toka-toka da ɗige-ɗige, kwamfuta ce ke ɗora masa rigar daga baya. Sun ɗauko aikin ƙirjin daga hoton rigar 2009, ɗinkin Baba, har inda zarensa ya ɗan tashi a gefen hagu. Kowa ya tafa.

Na ƙirga. Aska bakwai suka yi. Na faɗa. Nathaniel ya ce ba wanda zai ƙirga. Na ce ni na ƙirga. Aka wuce zuwa takalmi.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 8:20 na safe

Biron ya goge daga hannunta.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, 6:10 na yamma

Na kira Umma a Zariya. Ban gaya mata komai na ofis ba, na ce dai a ce yarinya ta san wani abu marar daɗi da ya shafi babba, yaya za ta yi? Ta ce yarinya ba ta kai wa babba irin wannan labari da bakinta, sai ta nemi sa'ansa ta gaya masa, shi ya je ya zauna da shi ya faɗa a hankali. Ta ce in dai ba so nake a ce 'yar Zailani ba ta da tarbiyya ba. Sannan ta tambaya wane ne. Na ce katin wayata zai ƙare. A intanet muke magana, babu wani kati. Wannan ƙarya ce, na rubuta ta.

Sa'an Baba da na sani a London mutum biyu ne. In na gaya wa ɗayansu, na karya sashe na bakwai, kuma kafin Juma'a duk masallacin Dagenham ya ji. Baba zai ji a bakin mutane cewa an zubar da shi.

Sashe na bakwai bai ce komai a kan ido ba. Na sake dubawa.

Asabar, 15 ga Nuwamba, 6:50 na yamma

Aska biyar. Yana ɗinki da hancinsa kusan a kan yadin, ga fitila biyu, ga gilashin ƙara girma da ya ɗaure da igiya a wuya. Ya soki yatsa sau biyu ina zaune. Yana tsotsewa ya ci gaba, wai baƙin yadi ba ya tona asiri.

Na shirya jimlar tun a jirgin ƙasa. Na maimaita ta daga West Ham har Dagenham. Da na zauna sai ya fara ba ni labarin ranar da suka ɗauki fim na farko a wani shago a bayan tashar Deptford, yadda mahaifina ya zo kallo daga Najeriya a kan hanyarsa ta wani taro, ya tsaya bayan kyamara yana ta yi masa gwalo don ya ɓata. Ban taɓa jin wannan ba. Ba ya cikin kundi.

Inna ta raka ni ƙofa. Ta nuna mini yatsu shida, kwanakin da suka rage.

Allura ashirin.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 5:40 na yamma

Eunice ta shiga ɗakin taro ƙarfe tara, ta fito ƙarfe huɗu da rabi. Ta gilashi na ga tana magana da waya a kan tebur, hannunta biyu a ka. Nathaniel ya fita sau biyu, karo na biyu ya buga ƙofa. Da suka tashi an cire katuna uku, an juya ɗaya ya fuskanci bango. Ban san me ke nan ba.

Na tsaya bakin ofishinta. Ta ɗaga mini hannu ta ce gobe, Hansai, don Allah gobe. Fuskarta ta faɗa. Ba na jin muguwa ce.

Talata, 18 ga Nuwamba, 9:05 na safe

Ba ta zo ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, 1:30 na rana

Ba ta zo ba. Na tura saƙo 9:12 da 11:40. An karanta duka biyun.

In na rasa aikin nan ban san inda zan samu wani ba. Takarda arba'in da ɗaya na tura kafin wannan, biyu suka amsa. Kuma wannan ɗin ma ta hannun Baba na samu.

Ba na iya cin abinci. Na sayi doya da miya a shagon 'yan Ghana na kan titi, na bar ta a tebur har ta yi sanyi.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, 7:20 na yamma

Na tashi daga ofis 1:50. Nathaniel ya ce ina zuwa, na ce Dagenham. Bai tambayi dalili ba.

Baba ya yi mamakin ganina ranar aiki. Muka gaisa, ya tambayi Umma, ya tambayi sanyi. Ya ce gara da na zo, allurarsa saura uku, ya miƙo mini gwangwanin. Ban karɓa ba. Na sauka daga kujera na zauna a ƙasa, don ban ga yadda zan faɗa ina zaune daidai da shi ba.

Zan rubuta yadda aka yi, iya abin da na riƙe.

Na ce, "Baba, babu wanda ya ba da aikin rigar nan. Ni na kawo awon, kuma ban san ma'anar kawo shi ba."

Ya ce Eunice ta ce masa shi ɗan gida ne.

Na ce ta faɗa, amma babu Tela Garba a sabon fim.

Ya ajiye gilashin. Ya ce, "Kashe shi suka yi?"

"A'a, Baba. A sabon labarin ba a taɓa yin sa ba."

Inna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Can ya ce, to wa ya ɗinka wa yaron riga? Na ce kwamfuta. Na ce aikinsa na 2009 suka kwafa. Ban faɗi zancen aska bakwai ba.

Ya tambaya tun yaushe na sani. Na ce Litinin 27 ga Oktoba, wajen sha ɗaya da minti ashirin.

Na ga yana lissafi da yatsu a kan gwiwa. Ya ce, "Asabar uku. Allura sittin kika zura mini, Hansai."

Na buɗe baki in ce ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ji yadda za ta fito, na rufe.

Bai ɗaga murya ba. Ya ninke yadin gida huɗu, fuskar aikin a ciki, ya ɗora almakashi a kai. Ya ce in gaida Umma in na kira. Ya ce in tafi kada duhu ya yi mini, alhali ƙarfe uku da rabi ne. Na ajiye lambar asibitin a kan tebur, na rubuta ta da manyan lambobi tun a jirgi. Bai dube ta ba.

Bai ce mini Malama Daidai ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, 3:00 na rana

Shiru.

Juma'a, 4:10 na yamma

Shiru. Na karanta shafi ɗaya na kundi sau huɗu.

Juma'a, 4:55 na yamma

Inna ta kira 4:43. Ta ce tun safe yana zaune bai ci komai ba, sai da aka yi la'asar ya ce ta danna masa lambar. Ya yi magana da su da kansa. Ranar tana nan. Na ce in zo gobe? Ta ce, "Bari tukuna. Ka bar shi ya huce."

Na shiga banɗaki na daɗe.

Litinin, 24 ga Nuwamba, 11:15 na safe

Eunice ta dawo. Na gaya mata kafin ta cire kot: ranar, lokacin, da abin da na faɗa masa kalma da kalma. Ta zauna. Ta ce da na ƙara mata kwana ɗaya. Na ce kwana goma sha bakwai na ba ta. Bai kamata in faɗi adadin ba, amma shi ne adadin.

Ta tambaya ko zai yi magana da 'yan jarida. Na ce ban sani ba, ba na jin zai yi. Ta ce dole ta sanar da na sama, za mu yi magana Juma'a. Da na kai ƙofa ta ce yaya idon. Na ce 2 ga Disamba.

Katuna biyu suka rage a bango.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, 2:30 na rana

Minti shida, aka sallame ni. Na miƙa katin shiga da kwamfuta. Kundin shafi 431 na bar shi. A shafin ƙarshe na rubuta cewa askar takwas ce.

Talata, 2 ga Disamba, 12:20 na rana

Inna ta turo saƙon murya: an fito, an rufe idon da auduga, yana mita wai shayin asibiti ruwan wanki ne. Ban je ba. Ba a ce in je ba.

Na tura takarda uku yau. Na yi barcin rana, abin da ban taɓa yi ba.

Asabar, 6 ga Disamba, 6:40 na yamma

Yau ce ranar sanarwar. Ban duba ko an yi ba.

Inna ta kira da safe ta ce Babanka ya ce yau Asabar, ko an canja kalanda ne. Na isa 2:05.

Yana zaune bakin taga da baƙin tabarau. Ya amsa gaisuwata a gajarce. Rigar tana shimfiɗe a tebur. Ya ce jiya ya buɗe ta da rana, karo na farko da ya gan ta da ido. Ya sa ni na matso. Aska ta uku ta karkace kamar ƙugiya, ta huɗu ta hau kan ta biyar, ga tabon jini a wuri bakwai, baƙin yadin bai ɓoye ba. Asabar uku ina kallon rigar nan, ni mai ƙirga askar kwamfuta, ban gani ba. Ko na gani ban so in gani ba. Ban tabbatar ba, don haka ba zan zaɓa ba.

Ya ce, "Da wannan ta shiga fim da sunana, da na bar garin nan."

Ban san ko dariya ake so in yi ba. Inna ta yi.

Ya tambayi ofis. Na gaya masa. Ya ce Inna ta riga ta faɗa masa, so yake ya ji ko zan ce ana ta shiri. Na sunkuyar da kai.

Likita ta hana shi ɗinki sati huɗu. Ya miƙo mini reza ya ce yadin bai yi laifin komai ba, in warware masa duka, a hankali, kada in ci yadin. Ya ce allura sittin na zura, to ni zan cire abin da suka ɗinka. Na fara daga ta ukun. Yana ta gyara mini riƙo, wai ina kama reza kamar mai yanka albasa. Zancen Tela Garba bai taso ba, ban kuma ɗauka ya wuce ba.

Da Inna ta shiga kicin, sai ya jawo gwangwanin ya zaro allura ɗaya da guntun zare. Na ce Baba, likita. Ya ce ɗinki ta hana, ba ta ce komai a kan zura zare ba, in ina da takardar in karanto masa sashen. Ya cire tabarau, ya juya wajen taga, ya lashi bakin zaren.

Karo na farko ya kuskure. Na biyu ya shiga.

Ya riƙe ta a sama yana kallo. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ƙarfe nawa, Malama Daidai?"

3:05.